Zauren Tambaya: Ƙauyenmu Ya Yi Kaɗan A Ba Shi Ruwa?

Wasiƙun wannan wata yawancinsu daga tungaye da rugage suka zo, irin wuraren da mai babur ke ninka kuɗi da zarar ka ambaci sunansu. An ce gwamnati na da kuɗin ƙananan ayyuka, rijiya, kwalbati, ɗakin shan magani, su kuma suna tambayar ta ina ɗan ƙaramin gari zai bi ya same su. A sashen raya karkara na ƙaramar hukuma na yi aiki har na yi ritaya, don haka abin da ke faruwa a teburin da takardunku ke sauka shi zan faɗa muku. Na sakaya sunaye, na kuma rage tsawon wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Mu mutanen wata tunga ne a ƙasar Borgu, Jihar Neja, gidaje 23. Ruwan rafi muke sha, in rani ya yi nisa sai mata su tona yashi su jira ya tsattsafo. Mun sha kai kuka, amsar kullum ita ce mun yi kaɗan, mu bari a gama da manyan garuruwa. Shin doka ce ta ce haka, ko dai don ba mu da kowa a sama ne?
Daga sakataren ƙungiyar matasa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Babu dokar da ta ce ƙaramin gari ya sha ruwan yashi. Lissafi ne ke aiki, kuma gara ka san shi.

Manufar ƙasa kan samar da ruwa ta shekarar 2000 ta ƙiyasta wa mutumin karkara lita 30 a rana, ta kuma ce famfo ɗaya ya wadaci mutum 250 zuwa 500. Da wannan ma'auni jami'i ke karanta takardarka. Kuɗin haƙa burtsatse ɗaya ne ko mutum 100 za su sha ko 500, in ma naku bai fi tsada ba, tunda sai an biya man da zai kai motar haƙa cikin daji. Shi kuwa jami'in, a ƙarshen shekara abin da za a tambaye shi shi ne mutum nawa suka amfana. In yana da kuɗin rijiya biyar da takardu arba'in, ka san inda hannunsa zai fara zuwa ko da bai karɓi goron kowa ba.

Tun daga sama ma haka abin ya taso. Ƙananan hukumomi 774 na karɓar kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuma wajen raba shi yawan jama'a na da kashi 30, faɗin ƙasa da wuyar shigarta kashi 10 kacal. Jiharku ta fi kowace jiha faɗi, sama da murabba'in kilomita 76,000, da ƙananan hukumomi 25. Kano 20,000 ce da 'yan kai, tana da 44. Wato a matsakaici ciyaman a Neja na riƙe da ƙasar da ta ninka ta takwaransa na Kano fiye da sau shida. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba, akwai masu ci da kuɗin ko da ya isa. Na kawo shi ne don ka daina zaton sai da uwa a gindin murhu kaɗai.

Yanzu duba wasiƙarka. Ka ce gidaje 23. Da wannan lamba kuke kayar da kanku. Gidan ƙauye kan tara uba da 'ya'yansa magidanta uku, kowa da iyalinsa, amma wanda ke ofis in ya ga 23 sai ya ninka da biyar ko shida ya ajiye takardar. Ku sayi littafi ku bi gida gida ku rubuta kowa da sunansa, har jarirai da almajiran malam. Ku sa Fulanin da ke zaune gefenku, da masu zuwa noma da damina in nan suke ɗiban ruwa. Sannan ku je wa tungayen da mace za ta iya zuwa da ƙafa ta dawo da tulu a kai, ku nemi a shiga takarda ɗaya. Tunga uku masu mutum 120 kowace sun zama gari mai mutum 360, sun shiga cikin ma'aunin. Mai unguwa ya sa hannu a littafin, dagaci ya buga hatimi. Kada ku ƙara ko mutum ɗaya da babu shi, don masu tantancewa kan zo ranar da ba kasuwa su ƙirga da kansu.

Inda ake ɓatawa shi ne wurin da za a kafa. Kowace tunga na so a ƙofarta, mai unguwa na so a ƙofar gidansa. Ku yi yarjejeniya tun kafin kuɗi su zo cewa mai awon ƙasa ne zai nuna wuraren da ruwa yake, mata kuma su zaɓi guda a ciki, tunda su ke ɗauka. A ƙasa mai dutse ruwa a tsagar dutsen yake, za a iya haƙawa nan a samu, a matsa taku hamsin a tashi a banza. Mai filin kuma ya rubuta ya bayar kyauta a gaban dagaci. Na taɓa ganin famfon gari da ya koma cikin katangar gida bayan mai filin ya rasu ɗansa ya yi gini, ba kuma takardar da za a nuna masa.

Sai ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. A 2009 aka fara shirin raya al'umma mai suna CSDP da rancen dala miliyan 200 daga Bankin Duniya. Tsarinsa shi ne gari ya zaɓi aikinsa da kansa, ya zaɓi kwamitin da zai riƙe kuɗi, da mata a ciki, a riƙa zuba kuɗin kashi-kashi a asusun bankin garin, in an ga aikin kashin farko a saki na biyu. Cikin duk shirye-shiryen da na gani, shi ne ya fi kai wa lungu, saboda ba ya jiran ɗan kwangila daga babban birni ya ga ko tafiyar za ta biya shi. An rufe shi a 2021, amma hukumomin jihohi da suka gudanar da shi, CSDA, suna nan, kuma ta hannunsu wani shirin tallafi mai suna NG-CARES ke yin ƙananan ayyukan al'umma. Taku tana Minna. Akwai kuma hukumar ruwan karkara ta jiha, wadda wasu jihohi ke kira RUWASSA, wasu RUWATSAN. Ku rubuta wa duka biyun ta hannun ƙaramar hukuma. Kafin nan ku yi wa ƙungiyarku rajista a sakateriya, ku buɗe asusun banki da sunanta. Kowace takarda ku yi kwafi uku, kada ku bar ofis sai an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a naku.

Abu na ƙarshe ra'ayina ne, wasu abokan aikina ba su yarda da shi ba. Ku nemi famfon tuƙa-tuƙa, kada ku nemi mai sola da tankin sama. Mai sola ya fi kyan gani, ya fi hutar da hannu, amma ranar da injin da ke cikin ramin ya ƙone, kuɗin sabo ya fi ƙarfin tunga irin taku. Tuƙa-tuƙa kuwa roba ce ke cinyewa, ko sarƙa, ko sandar ciki, bakanike na gari mai kasuwa zai gyara da yini ɗaya. Ku rubuta a takardar cewa kun tara kaza a asusu don gyara, ga kuma samari biyu da kuke so a koya wa kwance shi da ɗaurawa. Layi biyun nan sun fi shafi uku na yabon ciyaman tsayawa a idon mai karantawa.

TAMBAYA: Malam, wani ya zo garinmu da fom, ya ce Bankin Duniya zai gina mana aji biyu, amma sai kowane gida ya biya naira 5,000 kuɗin rajista, wai shi ne kashi goma da ake cewa gari ya bayar. Mu biya?
Daga wani mai unguwa, Jihar Zamfara.

AMSA: Ranka ya daɗe, kada ku ba shi ko sisi. Kashi 10 cikin 100 gaskiya ne, haka tsarin CSDP ya tanada, shi ya sa ƙaryar ke shiga. Amma ba a hannun mutum ake zuba shi ba, a asusun garinku ne wanda kwamitinku ke sa wa hannu, kuma bayan an amince da aikin. Ba lallai ne ma ya zama tsabar kuɗi ba. Yashi, tsakuwa, ruwan kwaɓi, fili, aikin gayya, duk ana yi musu kuɗi a rubuta. Bankin Duniya kuma ba ya yawo da fom ƙauye ƙauye, gwamnati yake ba rance, rancen da jikokinmu za su biya. Ka ce wa mutumin kun yarda, amma za ka haɗa shi da mutum biyu ku je ofishin da ya turo shi ku biya can. Ba na jin za ka sake ganinsa.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Tsakaninmu da titi kilomita 14 ne, a tsakiya akwai kwari. Da ruwa ya sauka mota ba ta ƙetarewa har kaka. Riɗinmu da waken suya sai 'yan kasuwa su saya yadda suka ga dama. Na ji a rediyo ana maganar RAAMP. Za su yi mana hanyar?
Daga wani manomi, Jihar Bauchi.

AMSA: Barka kadai, ɗana. RAAMP shiri ne na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 280 a 2020, hukumar raya ƙasashe ta Faransa ta ƙara nata. Bauchi na cikin jihohi 13 da aka fara da su, tare da Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Filato a nan Arewa, har da Kogi da Kwara. To amma shi ma da ma'auni yake zaɓe: mutum nawa ke bakin hanyar, kaya nawa ke fitowa, wace kasuwa take kai wa. Hanya mai tsawon kilomita 14 da gari ɗaya a ƙarshenta za ta daɗe a layi.

Ni da ni ne ku, ba hanya zan nema ba. Ku da kanku kun ce kwarin ne matsalar, sauran hanyar mota na bi. To ku nemi a gyara wurin kaɗai. In ruwan ba shi da yawa, kwalbati mai baki biyu ko uku ya isa. In kuwa irin kwarin nan ne mai faɗi da ke cika bayan ruwa ya janye cikin sa'o'i, shimfiɗar kankare a ƙasan rafin, wadda ruwa ke bi ta kanta mota ta taka in ya janye, ta fi araha kuma ta fi ƙarko, don ba ta toshewa da yashi da karare. Wannan aiki ne da ƙaramar hukuma za ta iya ɗauka ita kaɗai, kuma haƙƙinta ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma ya ba ku abin faɗa in an ce muku kuɗin na hannun jiha.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kasafi ana haɗa shi ne a watannin ƙarshen shekara, takardar da ta zo a watan Maris sai baɗi. Ku ɗauki hoton kwarin a watan Agusta yana cike, da mota ko amalanke a maƙale in an samu. Ku rubuta buhu nawa garin ke fitarwa, da farashin da ake saye a ƙofar gida da na kasuwa. Ku ba kansila kwafi, ku kai wa sashen ayyuka kwafi, ku kai na uku ofishin RAAMP na jiha, don su ma suna gyaran wurare irin wannan ba sai doguwar hanya ba. Mu da muka ga hanyoyin burjin da aka share a zamanin DFRRI, hukumar raya karkara da Janar Babangida ya kafa a 1986, mun san cewa inda aka yi wa ruwa mafita nan hanya ta rayu.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Baba. Ni ungozoma ce. Asibitin mazaɓarmu na da nisa, a amalanken shanu muke kai mai naƙuda cikin rairayi. Mun roƙi a gina mana namu an ce ɗaya ake yi a mazaɓa. Haka ne?
Daga arewacin Jihar Yobe.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya saka miki da alheri kan aikin da kike yi. Akwai gaskiya a abin da aka faɗa miki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma an tsara shi ne a kan asibiti aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa, ana tura masa kuɗi kai tsaye. Wanda ya tsara haka da mazaɓar birni a ransa ya tsara, inda za ka ratsa ta da ƙafa kafin shayi ya huce. Mazaɓa a ƙasarku wata ta fi ƙaramar hukuma guda a kudu faɗi.

Sai dai ina ja miki kunne kan gini. Ɗakunan shan magani da aka gina a ƙananan garuruwa aka rufe da kwaɗo ba su ƙirguwa, saboda ma'aikaciyar da aka tura ba ta da wurin kwana, ba ta da ruwa, ta yi wata biyu ta nemi canji. In za ku nemi gini ta hanyar CSDA, ku haɗa da ɗakin kwanan ma'aikaciya a cikin tsarin, kuma ku karɓi alkawarin ma'aikaci a rubuce daga sashen lafiya kafin a aza bulo. Abin da ya fi kusa shi ne kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ke zama da shugaban asibiti kan yadda ake kashe wancan kuɗi. Ki nemi kujera a ciki ko ku tura wadda za ta iya magana. Daga kuɗin ana iya ware man babur na fita awon ciki da rigakafi zuwa garinku a rana tsayayya. Akwai kuma shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018, mai horar da matan gari su zama idon asibiti a unguwanninsu. Mace irinki ake nema. Sannan ku dubi 'yan matanku da suka gama sakandare, gari ya yi karo-karo ya tura ɗaya makarantar koyon aikin lafiya. 'Yar gari ba ta neman canji.

TAMBAYA: Malam, yaushe wutar sola irin ta gari gaba ɗaya za ta zo mana? Gidajenmu a warwatse suke kan tsaunuka.
Daga Jihar Taraba.

AMSA: Ɗan'uwa, a yadda ka kwatanta garinku, da wuya. Hukumar wutar karkara, REA, ba gari take ba kuɗi ba. Kamfani take ba tallafi kan kowane gida ko shago da ya jona, a shirin samar da wuta mai suna NEP na 2018 da kuma shirin DARES da ya biyo baya da dala miliyan 750. Kamfanin kuɗinsa yake zubawa tukuna, don haka yana neman gidaje a cure, da injin niƙa, da mai walda, da masu firji, waɗanda za su sha wuta da rana su biya. Gidajen da ke warwatse waya da turaku za su cinye ribar. Naku shi ne ƙaramar sola ta gida ɗaya, mai ƙwai uku ko huɗu da cajin waya, wadda ake biya kaɗan kaɗan, ita ma tana cikin tallafin. In kuka haɗu gida talatin kuka kira dillali lokaci guda, zai hau dutsen.

TAMBAYA: Baba, ɗan majalisarmu ya kawo mana burtsatse mai sola, an kafa allo da hotonsa. Wata huɗu ta yi ta tsaya. Ɗan kwangila ba ya ɗaga waya, ɗan majalisa sai zaɓe. Wa za mu kama?
Daga wani malamin firamare, Jihar Katsina.

AMSA: Malam, fara da allon. A ƙasan hoton akwai sunan ma'aikata ko hukumar tarayya da aikin ya bi ta hannunta, da shekarar kasafi. Ɗan majalisa ba shi ke ba da kwangila a takarda ba. Shi yana saka aikin ne a kason ayyukan mazaɓu, wanda aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara, wata hukuma kuma ta bayar ta biya. Sau da yawa hukumar ba ta da alaƙa da ruwa ko kaɗan, shi ya sa ba wanda ya zo ya duba zurfin ramin ko ƙarfin injin da aka zura. Ba na ƙaunar wannan tsari, kuma ban taɓa ɓoyewa ba: ba a tambayi gari ba, ba a koya wa kowa gyara ba, ba a miƙa wa kowa a rubuce ba.

Duk da haka kuna da abin riƙewa. A al'adar kwangilar gwamnati ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wasu watanni bayan gama aiki, don in abu ya lalace ya dawo ya gyara. Wata huɗu bai yi nisa ba, ku hanzarta kafin a sakar masa. Ku rubuta wa shugaban hukumar da ke jikin allon, ku ce aikin ya tsaya ranar kaza, ku nemi a ba ku kwafin takardar kwangila da jerin kayan da aka ce za a saka. Ku ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Ku aika kwafi ga hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu har ta sha mayar da 'yan kwangila bakin aiki, da kuma masu Tracka na ƙungiyar BudgIT, masu bibiyar ayyukan da aka sa a kasafi.

Kafin amsa ta zo, ku kira mai gyaran sola ya duba a gaban shaidu, amma kada ya kwance komai tukuna, kada a ce ku kuka lalata. Wani lokaci akwatin da ke tsakanin faifan sola da injin ne ya mutu, ko an yanke waya, ba injin ba. Ya rubuta muku abin da ya gani da sunan injin da ke ciki, ku gwada da abin da ke takardar kwangila. In ta tashi, ku sa kuɗi kaɗan kan kowace jarka, mace mai amana ta riƙe littafi, a riƙa karanta shi a bainar jama'a duk wata, a kuma sa mai gadi saboda ɓarayin faifai.

Ka aiko min da abin da hukumar ta amsa, ko ranar da kwana bakwan suka cika ba ta amsa ba, in buga shi a fitowa ta gaba.